Yadda Ake Neman Gurbin Digirin Digirgir Na Fiziks A Manyan Jami'o'i

Kusan duk shekara sai wani ɗalibi ya zo mini da jerin sunaye a takarda: MIT, Harvard, Princeton, Stanford, Caltech. Ya cike fom biyar, ya biya kusan dala ɗari kan kowanne, watan Maris ya wuce shiru kamar an aiki bawa garinsu. Zancen samun sakamako mai kyau a digirin farko ba zan tsaya kansa ba, kowa ya sani.

Fara da fanni, sannan malami, sunan jami'a ya zo daga baya. In ƙananan ƙwayoyin zarra kake so, nemi malaman da ke aiki da CERN, babbar cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, kusa da birnin Jiniba. In igiyoyin girabiti ne, wato igiyoyin ƙarfin janyowa da ke ratsa sararin samaniya, Caltech da MIT ke tafiyar da LIGO, cibiyar da ke gano su. In filasma ce, wato iskar gas mai tsananin zafi da ke ɗauke da cajin lantarki, Princeton na da babban ɗakin bincikenta. Shiga arXiv, shafin intanet da masana ke ɗora takardun bincikensu, kyauta ne, ka karanta takardu biyu ko uku na malamin da ka hango. Ko rabi ka fahimta ya isa ka san ko za ka iya shekara biyar kan wannan tambayar.

Sai ka bambance tsari. Amurka na karɓar mai digirin farko kai tsaye, karatun kan ɗauki shekara biyar zuwa shida, farkonsa darussa da jarrabawar tantancewa. A Jamus da Suwizalan sai da digiri na biyu, kuma kamar ma'aikaci ake ɗaukarka, da albashi. A Ingila, Cambridge da Oxford da Imperial, shekara uku zuwa huɗu ne, amma gurbi daban, kuɗi daban: sai ka nemi tallafi irin su Gates Cambridge ko Clarendon ko na Commonwealth. Dokata ita ce, kada ka biya ko sisi daga aljihunka don digirin digirgir na fiziks. Manyan sassan fiziks na jami'o'in Amurka kan yafe kuɗin makaranta, su ba ka alawus kana koyarwa ko bincike. Wanda ya ba ka gurbi babu kuɗi, ka gode masa ka wuce.

Yanzu ga inda ni na faɗi, wato wasiƙun shaida. Uku ake nema. A karon farko na tafi wurin manyan furofesoshin sashenmu, ina ganin girman muƙami shi ne nauyin wasiƙa. Ɗayansu ya nuna mini abin da ya rubuta: yaro ne mai ladabi, mai biyayya, ba ya fashin aji. Na fita ina murna. Ashe ga kwamitin da ke tantance ɗaruruwan masu nema, wannan wasiƙar ba ta ce komai ba. Abin da suke so su ji shi ne: wace matsala ka warware, ina ka cije, me ka yi da kanka ba tare da an riƙe maka hannu ba, kuma ina ka tsaya idan aka jera ka da ɗaliban da malamin ya koyar a shekarun baya. Ƙaramin malamin da ya duba aikinka na shekarar ƙarshe, ya ga kwamfutarka ta ƙi fitar da lissafi har ka gano kuskuren, ya fi shugaban tsangayar da bai san fuskarka ba.

Don haka ka je da wuri, wata biyu kafin a rufe. Ka gaishe shi yadda ya dace, ka ce, "Malam, za ka iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi?" In ya yi jim, nemi wani. Ka ba shi shafi ɗaya na ayyukan da kuka yi tare, da ranakun rufewa. Malamin ne zai ɗora wasiƙar da kansa ta imel ɗin da jami'ar za ta tura masa, kuma saƙon kan ɓuya a akwatin tarkace. Ka riƙa tuna masa cikin ladabi. In ya ce rubuto in sa hannu, roƙe shi aƙalla ya ƙara nasa bayanin, domin wasiƙu uku masu murya ɗaya ba sa ɓoyuwa.

In ba ka da wanda ya san bincikenka haka, bi ta gada. Cibiyar nazarin fiziks ta ICTP da masanin fiziks Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da difloma ta shekara ɗaya ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa, da cikakken tallafi. Akwai kuma AIMS, cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, da aka fara a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda. Shekara guda a can tana ba ka malaman da kwamitocin suka san sunansu.

Sauran mai sauƙi ne. Takardar bayanin manufa kada ta wuce shafi biyu, kuma ka bar labarin yadda kake kallon taurari kana yaro, ambaci malamai biyu da dalilin zaɓensu. Jarrabawar Turanci ta TOEFL ko IELTS, duba ko za a yafe maka. Jarrabawar GRE ta fiziks, ta masu neman karatun gaba da digiri, sassa da yawa sun mai da ita ganin dama. Tambayi rangwamen kuɗin fom, wasu na bayarwa. Yawancin na Amurka na rufewa a Disamba, amsa ta zo tsakanin Fabrairu da Maris, kai kuma kana da har 15 ga Afrilu ka amsa. Ka haɗa da jami'o'i uku ko huɗu da ba su kai waɗancan suna ba amma suna da ƙarfi a fanninka, sannan ka nemi takardar sakamakonka tun yanzu, don ita kaɗai tana iya cin wata uku.