Koren fitila ba shaida ba ce: kurakuran daidaita agogo a tashoshin sadarwa

Duk shekara sababbin injiniyoyi na shigowa aikin ƙarfen sabis, kuma duk shekara kurakurai iri ɗaya nake gani wajen daidaita agogo. Sun iya ɗaure eriya, sun iya haɗa faiba, amma da an zo maganar lokaci sai su leƙa fitilar na'ura, su ga kore, su rufe akwati su kama hanya. Na gaji da maimaita bayani a waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tushen yawancin ɓarnar shi ne rashin bambance abu biyu: daidaiton firikwensi da daidaiton lokaci. Agogon bango biyu za su iya tafiya da gudu ɗaya sak, babu mai tsere wa wani, amma ɗaya yana gaba da minti biyar har abada. Gudunsu ya daidaita, lokacinsu bai daidaita ba. A zamanin GSM gudun kawai ake nema. Ƙa'ida ta ce kada babbar tasha ta kauce fiye da kashi 50 cikin biliyan, wato Hz 90 a kan MHz 1800, kuma layin E1, wato layin da ke haɗa tasha da cibiya, da kansa yake kawo wannan bugun. Tsarin TDD ya canza lissafi, domin tasha tana aikawa tana karɓa a firikwensi guda, lokaci ake rabawa tsakani. 5G na GHz 3.5 da Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC) ta yi gwanjonsa a Disamba 2021 irin wannan ne. A nan kowace tasha dole ta tsaya cikin maikirosakan 1.5 (maikirosakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan) daga agogon asali. SyncE, wato tsarin ɗauko bugun agogo ta layin Ethernet, gudu kaɗai yake bayarwa. Wanda ya kunna shi ya ce ya gama da tashar TDD, bai ma fara ba.

Kuskuren da ya fi cin mini rai yana cikin PTP, wato IEEE 1588, tsarin aika lokaci zuwa tasha ta layin data. Yadda yake aiki, uban agogo da tasha suna musayar saƙonni masu hatimin lokaci, a auna tafiya da dawowa, a raba biyu. Rabawar nan ta ginu a kan zaton cewa hanyar zuwa da ta dawowa tsawonsu ɗaya. In ba ɗaya ba ne, rabin bambancin ya zama kuskure a agogon tasha, kuma PTP ba shi da idon ganin wannan kuskuren. Haske yana cin kimanin maikirosakan 5 a kowace kilomita ta faiba. Bambancin kilomita ɗaya tak ya ba ka kuskuren maikirosakan 2.5, ka riga ka zarce iyaka, fitila kuwa tana nan kore shar, na'ura tana cewa ta kama.

Na taɓa gadon wani yanki da tashoshi ke kukan hayaniya a ɓangaren karɓa. Kira na yankewa, ɗora bidiyo ya gagari mutane. Kafin in zo an canza rediyo, an canza jampa, an hau sama an sauko, har an zaga unguwa da na'urar auna sigina ana neman wanda ya ɗaura haramtacciyar busta. Kuɗi sun tafi, masu sabis suna ta zagi. Ashe masu haƙar kwalbati ne suka tsinke faiba, waɗanda suka zo gyara kuma suka mayar da zare ɗaya ta wata doguwar hanya mai ƙarin kilomitoci, suka bar ɗayan a tsohuwar. Data na wucewa lafiya lau, don haka suka rufe tikiti. Tashar da ke ƙarshen layin ta zame, tana aikawa a daidai lokacin da maƙwabtanta ke saurare. Abin da ya fi ɓata rai, ita mai laifin alƙalumanta ba su nuna wani abin tashin hankali ba, maƙwabtan ne ke ihu, su kuma aka yi ta yi wa tiyata. Ku riƙe wannan, ƙannena: in tashoshi da yawa sun yi kukan hayaniya lokaci guda, ku nemi wadda ta yi shiru a tsakiyarsu. Ku kashe aikawarta na ɗan lokaci da tsakar dare ku ga ko hayaniyar za ta faɗi.

Tun daga nan na ɗauki wata al'ada, ko da wasu abokan aiki suna ganin ɓata lokaci ne. Ba na sa hannu a takardar karɓar tasha, ko bayan gyaran faiba, sai na kai na'urar gwaji mai GPS nata na kanta, na jona a mafitar 1PPS mai fitar da bugu ɗaya a kowane sakan, na ga bambancin da idona a nanosakan (kashi ɗaya cikin biliyan na sakan). Wanda bai auna ba, zato yake yi. Haka kuma ba na yarda a bi da PTP ta rawutocin da ba su san shi ba a ce ai yana wucewa. Da rana tsaka, lokacin da layi ya cika, saƙonnin suna tsayawa a layi, jinkirinsu na hawa da sauka. Tsarin PTP na G.8275.1 yana so kowace na'ura a hanya ta taya riƙe lokaci, kuma shi nake zaɓa duk inda kayan aiki suka ba da dama.

Sai eriyar GPS, wadda tasha ke ɗauko lokaci da ita daga taurarin ɗan'adam. Wallahi abin da ake yi mata ya isa. Ka je tasha ka tarar an maƙala ta a jikin bango, ko ƙarƙashin dandamalin ƙarfe, ko gab da bakin eriyar da ke watsa sigina, don kawai nan ne kebul ya kai. Tana bukatar sarari buɗe ta ko'ina. Sai ta ga taurarin ɗan'adam aƙalla 4 kafin ta san inda take, kuma in rabin sama a rufe yake za ta riƙa kamawa tana saki. Sannan ga tsawon kebul da ba a shigarwa. Sigina na cin nanosakan 4 zuwa 5 a kowace mita, gwargwadon irin kebul ɗin. Mita 60 ta cinye maka wajen nanosakan 250 a banza, alhali wuri ɗaya ne a cikin saiti za ka rubuta lambar. Ku auna kebul, kada ku kintata. Ku naɗe mahaɗa da tef mai hana ruwa kafin damina, ku sa abin kare tsawa. In kuma an ciro risibar GPS daga wata tasha, a sa ta sake auna matsayinta, don kuskuren mita 300 a wuri yana iya kaiwa maikirosakan ɗaya a lokaci.

Ga wasu ƙananan abubuwa kuma: NTP, tsarin saita agogon kwamfuta ta intanet, na rubuta lokaci a rajistar alam ne, daidaitonsa a milisakan yake, kada a dogara da shi ga rediyo. Lokacin GPS yana gaban UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, da sakan 18 tun Janairu 2017, PTP kuma TAI yake bi, wato lokacin agogon atom, wanda ke gaban UTC da sakan 37, saboda haka in ka ga bambancin sakanni cif-cif, saiti ne ba lalacewa ba. Tsofaffin risiba da ba a sabunta manhajarsu ba suna iya komawa baya da mako 1024, kamar yadda wasu suka yi bayan 6 ga Afrilu 2019. A zoben SyncE kuwa, a kunna saƙonnin ingancin agogo, in ba haka ba wata rana A za ta bi B, B ta bi A, su ɓace tare.

Riƙon ƙwarya ma ana yi masa mummunar fahimta. In GPS ya ɗauke, osiletar OCXO, wato agogon cikin na'ura, ita ce ke riƙe tasha. Firikwensi za ta iya riƙe shi tsawon lokaci, amma maikirosakan 1.5 sa'o'i kaɗan ne. Adadin da ke takardar masana'anta ma an auna shi ne a zafin da ba ya canzawa, bayan osileta ta daɗe a kame. Ɗakin na'ura a Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, esi ya mutu, wuta na ɗaukewa janareta na tashi, ba wannan yanayin ba ne. Osiletar da aka kunna yanzu tana bukatar ta yi ɗumi ta zauna kafin a amince da ita. Ni dai alam ɗin ɓacewar GPS a tashar TDD ina ɗaga shi zuwa matakin gaggawa, a tura mutum a ranar, ba a bar shi cikin jerin aikin mako mai zuwa ba.