Kurakuran da ake yi wajen saita taswirar Factorio don ƙwari su yawaita kai hari

Wanda ya ƙware a Factorio, wasan kwamfuta na gina masana'anta da kare ta daga harin ƙwari, yakan kai lokacin da zaman lafiya zai gundure shi. Ya gina katanga, ya jera bindigogi, amma a shafe awanni ko ƙwaro ɗaya bai leƙo ba. Sai ya buɗe sabuwar taswira, ya ja ma'aunin yawan sheƙun ƙwari da na girmansu har ƙarshe, ya fara wasa. Shiru kake ji. Wannan kuskure ya fi kowanne yawa, kuma tushensa rashin sanin abin da ke tayar da ƙwarin.

A wannan wasa, wanda kamfanin Wube ya kammala a 2020, hayaƙi ne ke kiran hari. Tukunyar tururi tana fitar da awo 30 a minti ɗaya, injin haƙar ma'adinai mai lantarki awo 10. Hayaƙin yana bazuwa daga fili zuwa fili, kuma sai ya isa sheƙa ta shanye shi kafin ta tura mayaƙa. Ƙaramin ƙwaro awo 4 yake ci, matsakaici 20, babba 80, mafi girma 400. Sheƙa dubu da hayaƙinka bai taɓa ba, tamkar babu su. Saboda haka ka fara da rage faɗin filin farawa, wato yankin da babu sheƙu inda ake fara wasa, don sheƙun su matso kusa, sannan ka shiga saitin hayaƙi ka rage farashin hari, wato awon hayaƙin da kowane ƙwaro yake ci. Tsarin Death world da ke cikin wasan haka yake yi: filin farawa kashi 75 cikin 100, farashin hari rabi.

Kuskure na biyu shi ne raina itatuwa. Mutum ya zaɓi taswira mai daji don ta yi masa kyau a ido, bai san ya ɗauki masu gadi ba. Itatuwa suna shan hayaƙi sosai, ciyawa ma tana sha fiye da rairayi. Ka rage itatuwa, ka rage danshin ƙasa, ka faɗa hamada, za ka ga jan tabon hayaƙi yana cin taswira kamar wutar daji. A ganina wannan gyara kaɗai ya fi ninka sheƙu tasiri. Ruwa kuma katanga ce ta kyauta, domin ƙwarin ba sa ƙetare shi. In tafkuna sun kewaye ka, ta mashigi ɗaya ko biyu za su riƙa zuwa, kuma tare su ba wuya.

Akwai masu ɗaga saurin rikiɗar ƙwari, wato yadda suke komawa manya a hankali, suna zaton hari zai ƙaru. Ƙarfinsu ne ke ƙaruwa. Tunda babban ƙwaro ya fi tsada, hayaƙin da zai turo ƙanana 20 babba ɗaya zai turo. Ga kuma haɗari: matsakaita suna fara fitowa da rikiɗa ta kai wajen kashi 20, manya a kashi 50, kuma in ka ɗaga ma'aunin lokaci na rikiɗa da yawa za su iso kana riƙe da harsashin farko. Wasa ya mutu tun ba a je ko'ina ba. Ka taɓa shi kaɗan, ka riƙa rubuta /evolution don ganin inda aka kai.

Abin da na fi jin takaicin a manta da shi shi ne yaɗuwar ƙwari. Kai da hannunka kake share sheƙun da ke cikin hayaƙinka, daga nan hari ya tsaya. Yaɗuwa ce ke dawo da su. A saitin asali, tazarar fitowar ayarin masu kafa sabuwar sheƙa tana tsakanin minti 4 da minti 60, ayarin kuma daga 5 zuwa 20. Ka rage dogon lokacin na minti 60, ka ƙara girman ayarin, kada kuma ka wuce gona da iri wajen share maƙwabtanka.

Kafin ka danna fara wasa, ka tabbatar yanayin zaman lafiya a kashe yake, ka kuma buɗe samfotin taswira ka ga nisan jajayen ɗigo, wato sheƙun, daga tsakiya. Filin da wasan ya riga ya samar ba ya sake siffa, don haka gyaran itatuwa da ruwa sai a sabuwar taswira. In kuma ka yi duk wannan ka rufe masana'antarka da faifan hasken rana, hayaƙi zai ragu, hari ma ya ragu. Ka bar tukwanen tururi suna cin gawayi.