Yadda Ake Zama Mai Gabatarwa a Rediyo da Talabijin

Kowa ya ce maka muryarka irin ta 'yan BBC ce sai ka ɗauka an gama, to wallahi murya ita ce mafi arha a wannan harkar.

Fara da wayarka. Ka samu labari ɗaya na Turanci ka fassara shi da kanka, ka karanta ka naɗa, sannan ka saurara. Ranar farko haushin kanka za ka ji, numfashi ya yanke maka a tsakiyar jimla, ga "eh… to… wato" kamar an zuba. Haka za ka yi ta yi kullum har kunnenka ya fara kama kurenka. Fassarar nan kar ka raina ta, a yawancin ɗakunan labarai takarda ake miƙo maka da Turanci ko Faransanci a ce maida ta Hausa, saura minti goma a shiga.

Na biyu karatu. Koyon aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano (BUK), ko kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos, ko makarantar horarwa ta Rediyon Najeriya a Legas. Mutanen Nijar kuma ga makarantar koyon aikin jarida ta ESSCOM (tsohuwar IFTIC) a Yamai.

Na uku ka kutsa kai gidan rediyo ko da na sa-kai ne, tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshin FM suka yi ta ƙaruwa, wuri ba zai gagara ba. Ba labaran duniya za a fara ba ka ba, sanarwar ɗaurin aure ce da ta rasuwa da cigiya, kuma nan ake gane mutum. Kafin jar fitilar da ke nuna an fara jin ka a rediyo ta kama ka bi takardar da biro, sunan da ba ka sani ba ka tambaya, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti, fari na launi da fari na rashin ruwan sama duk ɗaya suke a takarda. Ka ɓata sunan mamaci ɗaya ka ga yadda waya za ta ɗau ruri.

Talabijin kuma an ƙara maka ido, rubutu na tafiya a gaban kyamara, furodusa na magana a kunnenka, kai kuma fuska ba za ta nuna ba.

Batun albashi dai ka tambaya tun ranar farko, wasu tashoshin sai ka kawo talla ake yaga maka kaso.