Darasi na Tara: Tazarar Haihuwa da Katin Asibiti

Babu wanda bai san kwanika ba a ajin nan. Mace tana goyo, ba ta yaye ba, sai ga wani ciki. Mun sha ganin yadda abin ke ƙarewa: na goye ya rame, uwa kuma ga ciki ga goyo, jikinta bai gama dawowa daga haihuwar baya ba. Iyayenmu sun san wannan wahala, shi ya sa a da mace kan tafi gida wankan jego ta daɗe. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara aya ta 233, ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki. Idan ɓari aka yi, a jira wata 6.

Mata da yawa sun dogara da shayarwa kawai. Shayarwa na hana ciki, amma sai abu uku sun haɗu: jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, ko ruwa ba a ba shi, kuma al'ada ba ta dawo wa uwa ba. Da zarar ɗaya ya kauce, ciki na iya shiga. A nan ne akasari ake faɗawa kwanika.

A asibiti akwai hanyoyi dabam-dabam. Akwai ƙwaya, wadda ake sha kullum ba tsallake. Akwai allura ta wata uku-uku. Akwai ashana, ɗan siririn abu da ake sakawa a ƙarƙashin fatar dantse, wata ta shekara 3, wata ta shekara 5. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ke kai shekara 10. Akwai kuma kwaroron roba na maza. Tun shekarar 2011 gwamnatin tarayyar Nijeriya ta mai da waɗannan kaya kyauta a asibitocin gwamnati.

Gaskiya ce, allura da ashana kan sauya al'ada. Wata ta riƙa ganin ɗigo-ɗigo, wata al'adar ta ɗauke mata gaba ɗaya. Wannan ba ya nufin jini ya taru a ciki, kuma ba ya kashe mahaifa. Wadda ta cire ashana ko roba tana iya ɗaukar ciki nan da nan. Mai allura kuwa takan yi jinkirin wasu watanni. Duk wadda jini ya yi mata yawa, ko abin ya dame ta, ta koma wurin malamar asibiti ta faɗa mata. Kada ta tsaya jin ta-bakin maƙwabta. Maigida ma ya dace ya raka iyalinsa ya ji da kunnensa, domin lafiyar matarsa da 'ya'yansa nauyinsa ne.

Yanzu ga inda karatunmu ya shigo. Bayan an yi wa mace allura, ana rubuta mata ranar dawowa a kati. Wadda ba ta iya karanta kwanan wata ba, sai ta jira wani ya duba mata, kuma ba kowa take so ya ga katin ba. Haka rana ke wucewa.

Aikin aji

Ga abin da aka rubuta a wani kati: 5/1. Lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 5 ga Janairu. Idan ranar aka yi allurar wata uku, a wane wata za a koma? Ku ƙirga da yatsu, sannan ku rubuta sunan watan da lambarsa.

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinku: tazara, allura, ashana, kati, wata.