Yadda Za Ka Gyara Lissafinka Kafin Jarrabawa Ba Tare da Malamin Lesin Ba

Ba kowane gida a Birnin Kebbi ko Jega ke iya biyan malamin lesin ba. Abin da ke kayar da ɗalibai da yawa ma ba rashin malamin ba ne, karanta lissafi da ido ne kamar ana karanta tarihi. Da biro a hannu ake koyonsa. Ka tanadi tsofaffin tambayoyin WAEC ko NECO na shekara biyar, littafin aji, kalkuleta, rula da kamfas, da littattafan rubutu biyu.

Da farko ka auna kanka. Takardar zaɓi ta WAEC tambaya 50 ce cikin awa ɗaya da rabi, ka ga kowace tambaya ba ta samu minti biyu ba. Ɗauki ta shekara guda ka yi, agogo a gabanka, ban da leƙen amsa. Idan ka gama, raba waɗanda ka faɗi gida uku: darasin da ba ka sani ba sam, wanda ka sani amma hanya ta ɓace maka a tsakiya, da wanda garaje ya kayar da kai. Fara da gida na biyu, nan maki ke saurin dawowa.

Na biyu, littafi ɗaya na aiki ne, ɗayan na kurakurai kaɗai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta ta, rubuta layin da ka kauce, ka sake yin ta bayan kwana uku ba tare da duba gyaran ba. Za ka tarar kurakuran ba su da yawa, maimaita kansu suke yi. Alamar ragi ce kan gaba: −3(x − 2) yana ba da −3x + 6, amma da yawa −6 suke rubutawa. Sai haɗa ɓangarori: 1/2 + 1/3 amsarsa 5/6 ce, wanda ya haɗa sama da sama, ƙasa da ƙasa, zai samu 2/5, abin da bai kai ko rabin da aka fara da shi ba. Ga kuma riba. An sayi buhun albasa a Aliero ₦40,000, an sayar ₦50,000. Ribar ₦10,000 da kuɗin saye ake raba ta, kashi 25 cikin 100 ke nan. Wanda ya raba da kuɗin sayarwa zai samu 20, kuma masu tsara tambaya kan ajiye irin wannan amsa cikin zaɓin don mai gaggawa.

Na uku, darasin da ba ka sani ba. Karanta misalin littafi sau ɗaya, rufe shi da takarda, yi shi da kanka, sannan ka kwatanta layi da layi. Bi shi da tambaya biyar daga mai sauƙi. Minti 45 kullum bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, ya fi awa biyar a daren jarrabawa.

Kalkuleta ma tana yaudara. Danna sin 30. Idan ba 0.5 ta ba ka ba, ba a kan digiri take ba, gyara ta. Lamba mai ragi kuwa sai ka sa ta cikin baka kafin ka ninka ta da kanta: (−2)² yana ba da 4, −2² kuwa −4. Kada ka datse lambobin bayan ɗigo a tsakiyar aiki, bari sai amsar ƙarshe.

Sati biyu kafin jarrabawa, koma takarda ta biyu ta WAEC, wadda ba ta zaɓin amsa ba ce, aiki ake rubutawa. Tambaya 13 ce cikin awa biyu da rabi: biyar na farko dole ne, sai ka zaɓi biyar cikin takwas. Kusan minti 15 ke nan kowace ɗaya. A nan ana ba da maki a kan hanya, saboda haka rubuta kowane mataki ko da amsar ta kuɓuce maka, kuma tambayar kusurwa ko nisa kada ka taɓa ta sai ka zana hotonta. Wadda ta gagare ka kwana biyu, kai wa malamin ajinku lokacin tara, da aikin da ka fara a hannu, domin ya ga daidai inda ka maƙale.