Yadda Ake Ziyartar Tsofaffin Kufayin Yahudawa a Birnin Kudus

Wanda ya yi niyyar ganin tsofaffin kufayin Yahudawa a birnin Kudus, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne ranar da zai fita, domin tun daga la'asar ɗin Juma'a har zuwa faɗuwar rana a ranar Asabar galibin wuraren a rufe suke. Bangon Yamma, wurin addu'ar Yahudawa wanda Musulmi ke kira Bangon Buraƙa, a buɗe yake dare da rana, amma ba a yarda a ɗauki hoto a wurin ba ranar Asabar.

Ya fi dacewa a fara da sassafe daga Birnin Dauda, wanda ke kudu da ganuwar tsohon gari, a unguwar Silwan ta Falasɗinawa. Ya kyautu maziyarci ya san cewa ƙungiyar Elad ta Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna ce ke gudanar da wurin, kuma mazauna unguwar sun daɗe suna kokawa kan haƙe-haƙen kayan tarihi da ake yi a wurin, saboda haka a girmama gidajen mutane. A nan ne ramin Sarki Hizikiya yake, wanda aka sassaƙa cikin dutse kafin harin Assuriyawa na shekara ta 701 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), domin a janyo ruwan maɓuɓɓugar Gihon zuwa cikin gari. Tsawonsa mita 533 ne, ruwa mai sanyi na gudana a ciki har gwiwa, kuma duhu ne ƙirin, don haka sai an tanadi tocila da takalmin roba mai maɗauri da tufafin canji. Idan ka haska bangon ramin, za ka ga sawun saran masu haƙa, har ma da inda ayari biyu da suka taso daga ɓangarori biyu suka haɗu a tsakiya. A ganina wannan ne abin da ya fi cancantar a ba shi lokaci. Wanda ƙunci ke damunsa sai ya bi busasshen ramin Kan'aniyawa da ke kusa.

Daga nan sai a hau a shiga ta Ƙofar Juji, wadda Larabawa ke kira Babul Magariba, zuwa Cibiyar Davidson ta kayan tarihi, inda manyan duwatsun da sojojin Rum suka turo daga saman harabar Haikalin Yahudawa a shekara ta 70 miladiyya suke jibge a kan titin da suka farfasa. A filin Bangon Yamma kuwa maza da mata a ware suke, ana son sutura ta kamala, kuma namiji ya rufe kansa, ko da hular gida ce.

Ramin da ke bin gindin bangon sai da ja-gora ake shiga, kuma a sayi tikiti kwanaki kafin zuwa. A cikinsa akwai dutse guda na zamanin Sarki Hirudus mai tsawon fiye da mita 13. Idan da sauran ƙarfi a ƙafa, sai a ƙarasa Unguwar Yahudawa a ga Faffaɗar Ganuwa mai kaurin mita 7, wadda masanin kayan tarihi Nahman Avigad ya tono a shekarun 1970.