Kurakuran da aka fi yi wajen kai kare mai saurin firgita hutu a ƙauyukan Birtaniya

Ƙarfe shida da rabi na safe ina tsaye a ƙofar wani ɗan gidan dutse da muka kama haya a yankin Yorkshire Dales, kofin shayi a hannu ɗaya, igiyar karenmu Duna a ɗayan, sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Karnuka biyu suka fito a guje, ba igiya, mai su tana biye da rigar barci tana cewa kada in damu, ba sa cizo. To ai nata ne ba sa cizo. Nawa tuni ya miƙe a kan ƙafafun baya yana haushi kamar zai tsinke igiya, shayin kuwa wandona ne ya sha. Kwana bakwai muka biya, kwana uku muka yi muka tattara namu ya namu.

Na san wani a gida zai yi dariya, wai an kai kare hutu. A wurinmu kare na gadi ne ko na farauta. A nan kuwa in yara suka matsa ka ɗauko shi daga gidan da ake tara karnukan da aka yasar, kamar yadda muka ɗauko Duna, ya zama nauyi a wuyanka, duk inda za ka sai ka yi lissafi da shi. Duna ba mugu ba ne. Tsoro ne da shi. Da ya hango wani kare ko baƙon mutum ya matso, sai gurnani da haushi da zabura, don ya kore abin kafin abin ya iso shi. Irin wannan karen nake nufi.

Babban kuskure, wanda ya kore mu daga wancan gida, shi ne ka ga an rubuta ana maraba da karnuka ka ɗauka an ce gidan ya dace da naka. Abin da rubutun yake nufi bai wuce cewa mai gida ba zai hana ba, zai ƙara maka ɗan kuɗi, wataƙila ka tarar da kwano da tsohon tawul a bakin ƙofa. Kuma gidan da ya fi tallar maraba da karnuka shi ya fi tara su. Da yawa daga cikin gidajen nan tsofaffin rumbuna ne da garken shanu aka gyara aka raba gida huɗu ko biyar, duk suna kallon tsakar gida ɗaya, kowane da baƙonsa, kowane baƙo da karensa. Hoton da ke intanet ba zai nuna maka wannan ba, an ɗauke shi ta gefen da babu kowa.

Gyaran shi ne ka rubuta wa mai gidan kafin ka biya ko kwabo. Gida nawa ne a harabar? Ƙofa ɗaya ake shiga? Shi kansa yana da kare, kuma sake yake yawo? A gonar tumaki da wuya ka rasa karen kiwo, kuma shi a ganinsa duk harabar tasa ce. Wa ke shigowa cikin mako, mai yankan ciyawa, ko mai duba kwamin wankan ruwan zafi da ke waje, wanda a wasu gidajen kullum sai ya leƙo? Sannan ka faɗi halin karenka ƙarara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutane suna jin kunya, suna tsoron a ce ba a so, sai su rubuta wai yana da ɗan jin kunya. Mai gidan da ya ji gaskiya ya ce a'a ya yi maka alheri. Wanda ya ce to, sau da yawa shi zai gaya maka lokacin da maƙwabta ke fita da nasu.

Sai maganar shinge. In an ce lambun a killace yake, tambaya ita ce killace da me. A Yorkshire da yankin tafkuna na Lake District katangar duwatsu ce da aka jera ba siminti, tsayinta iya ƙugu, duwatsun sun fiffito kamar an yi wa kare matakala. A wani wurin shingen itatuwa ne, sama a cike, ƙasa duk ramukan da dila da zomo suka yi. Ko kuma komai ya yi daidai sai ƙyauren katako da ya bar taki guda tsakaninsa da ƙasa. Ka nemi a faɗa maka tsayin da lamba, ka roƙi ɗan bidiyo da aka zagaya da waya. Ga babban kare mai tsalle ni ba na natsuwa da abin da ya gaza mita 1.8. Kuma tsayi kaɗai bai isa ba: shingen waya da ake hango waje ta cikinsa zai sa karen ya wuni yana sintiri. Ranar da kuka isa, ka bar shi a mota da wani, ka zagaya shingen da ƙafarka tukuna. In ka ga abin bai kwanta maka ba, doguwar igiya ko a cikin lambun.

Akwai abin da baƙo ba ya tsammani. A Ingila da Wales hanyoyin ƙafa na jama'a suna ratsa gonakin mutane, wani lokaci ta gaban tagar ɗakin da kake kwana, kuma mai gona ba shi da ikon rufe su. Gidan da ka zaɓa don ba shi da maƙwabci ko ɗaya yana iya zama a kan hanyar da masu yawon ƙafa ke bi da karnukansu tun hantsi har la'asar. Ka duba taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirorin ƙasar, irin wadda masu yawo ke riƙewa. Koren layi mai ɗigo-ɗigo shi ne hanyar. In ya gogi gidan, nemi wani. In kun riga kun shiga, a sauke labulen tagar da ke kallon hanyar, a mayar da shimfiɗarsa ɗakin baya.

Tumaki kuwa ba abin wasa ba ne, kuma duk wanda ya taso inda ake kiwo ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Wales tumaki sun fi mutane yawa. Kare ba sai ya ciji tunkiya ba, korar kawai tana iya sa mai ciki ta yi ɓari, ko garke ya watse 'ya'ya su rabu da iyaye. Tun 1953 doka ta mayar da wannan laifi a kan mai karen, kuma wata dokar ta 1971 ta ba makiyayi kariya idan ya harbe karen da ke farmakar dabbobinsa alhali ba wata hanyar tsayar da shi. A filayen da aka buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli dole igiyar kada ta wuce mita 2 saboda tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, kusa da dabbobi kuma ko wane wata ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ga fili fetal ba kowa, a ce bari ya ɗan miƙe ƙafa. Tumakin suna bayan tudu. Shanu kuwa an ce in sun taso maka ka saki igiyar, don kare ya fi ka gudu, riƙe shi zai jawo su kanka. Amma sakin kare irin Duna wata fitinar ce, don haka ni in na hango shanu da 'yan maruƙa a gona, juyawa nake yi ko da mun yi nisa.

Lokaci ma ana yin kuskurensa. Hutun makaranta na ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, Lake District cike take maƙil, kuma hanyoyin can da yawa matsattsu ne tsakanin katanga biyu, in kuka yi kiciɓis da wani kare ba wurin kaucewa. Daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu lokacin harbin wasu tsuntsayen daji ne, za ka iya wayar gari da ƙarar bindiga a dajin da ke bayan gida, ga wasan wuta na daren 5 ga Nuwamba. Mu yanzu tsakiyar mako muke fita yawo, da sassafe, kuma mun fi son wuri mai faɗi irin gaɓar tekun Druridge Bay a Northumberland, inda za ka hango mutum tun yana ɗan ɗigo ka canja hanya a tsanake.

Wanda ya fi ba ni haushin kaina shi ne ɗora wa kare komai a rana ɗaya. Awa huɗu a mota, sabon gida, sabon wari, sannan da yamma a ja shi gidan cin abincin ƙauye mai cike da mutane da karnuka a ƙarƙashin tebura. Damuwa taruwa take yi a jikinsa, ba ta sauka cikin dare ɗaya. Abin da zai iya jurewa ranar Litinin a gida, ranar Asabar bayan duk wannan ba zai iya ba, sai a ce ya canja hali. Ranar farko kada a je ko'ina. A zo masa da shimfiɗarsa ba a wanke ba, da abincin da ya saba. Ka kuma karanta sharuɗɗa, don yawancin gidajen sun hana a bar kare shi kaɗai a ciki, wato in ba zai iya shiga mutane ba, wani zai zauna da shi ko a dafa a gida. Don ya yi gudu, akwai filaye masu dogon shinge da manoma ke bayarwa haya na awa guda, kai kaɗai da karenka. A kama tun kafin a taso.

Takunkumi: ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya saya ranar Juma'a ya ɗaura ranar Asabar ya ƙara wa karen abin tsoro ne kawai. Makonni ake ɗauka, ana shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba a ciki yana zura hanci da kansa, amma a duba kwalbar kada ya zama akwai sinadarin zaƙi na xylitol, guba ne ga kare. A sayi mai kama da kwando, wanda zai iya haki ya sha ruwa. Rawayen ƙyalle a jikin igiya alama ce ta a ba shi wuri, sai dai ba kowa ya san ta ba. Bakinka ya fi ta aiki. Tun daga nesa ka ɗaga hannu ka ce don Allah a kama kare.

Doka ta ce abin wuyansa ya kasance da sunanka da adireshinka, kuma tun 2016 dole a dasa masa ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata. Ka tabbata lambar wayar da ke rajistar ita ce ta yanzu. Ni ina ƙara wani ɗan kati mai adireshin gidan hayar. Lambar likitan dabbobi mafi kusa kuma a takarda nake rubuta ta in liƙa a jikin firji, don a cikin kwarin nan sau da yawa sai ka hau tudu kafin waya ta kama.